Karanshaf ɗin tsohuwar Honda CG125: a gyara ko a canza?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda hannunsu ya saba da baƙin mai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Honda CG125 irin ta farko, mai kwantak, wato tsohon tsarin ba fulogi wuta. Da ita yake zuwa Abbatuwa ta Oko-Oba tun ina ƙarami. Shekara tara tana jingine a bayan gida, kuma sau biyu ruwan damina ya cika tsakar gidan har ya taɓa gindin injin. Ba acaɓa zan yi da ita ba, so nake in sake jin kukanta.

Makon jiya muka farke injin, man da ya fito kamar shayi da madara. Bakanike ya kama rod, ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, ya kaɗa shi hagu da dama, ya ce karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa a cikin inji, ya gama aiki, in sayo sabo ɗan Chana. Boris biyu na gefe kuwa, waɗanda karanshaf ke juyawa a kansu, ya juya su da yatsa ya ce lafiyarsu lau. Jikina bai ba ni ba. Ta yaya ake gane mai rai da matacce?

Tsohon Bakanike, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ɗana, yaron nan ya yi maka gwajin a juye. Wasan hagu da dama a gindin rod dole ne, da shi aka ƙera shi, don ƙarfe na buɗewa in ya ɗau zafi. Wasan da ke kashe inji shi ne na sama da ƙasa.

Ka fara wanke karanshaf ɗin da kananzir tas ya bushe, saboda tsohon mai yana cike giɓi ya ɓoye laifi. Sannan ka kawo rod can sama, ka riƙe shi a miƙe, ka ja ka danna ba tare da ka karkata shi ba. In ka ji ko ɗan "ƙis" ne, magana ta ƙare. Iyakar da ake yarda da ita a ƙananan injinan Honda ba ta wuce 0.05 na milimita ba, wato bai kai kaurin gashin kai ba.

Amma ni ruwan nan ya fi damuna. Mai da ruwa in suka kwana shekaru a inji, tsatsa takan ci daidai inda ƙwayoyin boris suka zauna, ta bar ƙananan ramuka. Ka juya kowanne a hankali bayan wanki, ka saurara da yatsanka. In yana yi kamar da yashi a ciki, ko yana tsayawa a wuri guda, jefar. Kada ka bari a hura masa iskar kwamfireso yana gudu a bushe, yara na son wannan wasan don ƙarar da yake yi, alhali lalata shi suke. Ni da tawa ce, na gefen nan biyu ko kallonsu ba zan yi ba, sababbi zan sa.

Mai Boxer, Mile 12:
Baba, a yi mini afuwa, amma wahalar nan ta mece ce? Injin CG ai shi 'yan Chana suka kwafa suka cika gari da shi. Ya shiga Ebute Metta ya ɗauko karanshaf sukutum da rod da boris a jiki, kafin la'asar an ɗaura. Kuɗin mota zuwa wurin mai tona, wato mai gyaran ƙarfe da inji, sau uku ma ya kusa sayen sabo.

Tsohon Bakanike, Idi-Araba:
Kama da wane ba ta wane. Na yanzu an yi su ne don maganeto, abin da ke samar da wutar inji, mai CDI, wato sabon tsarin ba fulogi wuta, nasa na kwantak ne, sau da yawa bakin da maganeto ke zama ba ya dacewa. In zai saya, ya tafi da tsohon a hannu a gwada. Kuma ƙarfen Japan na shekarun 1970 ba abin yarwa ba ne don rod kaɗai ya gaji.

Mai Tona, Mushin:
Gaskiyar Baba. Wannan karanshaf haɗi ne, faifai biyu da fil a tsakiya, da injin matsi ake raba su. Ana canza rod da fil da boris ɗinsa gaba ɗaya, ba a sa sabon rod a kan tsohon fil. Malam, abu biyu za ka tsaya a kansu a duk inda ka kai aikin. Ramin mai da ke jikin fil ya fuskanci hanyar mai ta faifan dama, in aka kauce, rod zai yi gudu babu mai, ba za ka kai Ikeja ba. Sai giyar taimin, a yi mata alama kafin a zare ta don cire boris, in ta goce bawul ba zai buɗe a kan lokaci ba.

Bayan an haɗa, a ɗora shi a kan ƙarfe mai bakin V, a sa agogon awo a kowane gefe a juya. Allura ta yi rawa da yawa, a daidaita da gudumar tagulla a sake aunawa. Wanda ya ce maka da ido yake gani, karɓi kayanka ka yi gaba.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na wanke na gwada da safen nan. Sama da ƙasa babu motsi, amma in na juya rod akwai wuri guda da yake cijewa, boris na hagu kuma gurnani yake yi kamar dutsen niƙa, shi ne wanda aka ce lafiya lau. Ke nan sai an raba?

Tsohon Bakanike, Idi-Araba:
Sai an raba, cijewar nan tsatsa ce. Kuma kafin ka rufe injin ka buɗe matatar man nan mai juyawa da ke bakin karanshaf ta ɓangaren kuloci. Ta nan mai ke bi ya isa rod, kuma na tabbata tun zamanin Baba ba a taɓa ta ba. Za ka tarar da baƙin laka ya daskare a ciki, da sukundireba ake kankare shi.