Taƙaitawa: jera masu amfani bisa sabon ginshiƙi a WordPress

Ga abin da aka tattauna kan yadda za a ƙara ginshiƙi a teburin masu amfani na shafin admin, a kuma iya jera su da shi, a taƙaice:

1. Baki ya zo ɗaya: manage_users_columns, ɗaya daga cikin hooks na WordPress (wuraren da ake maƙala code), ƙara ginshiƙin kawai yake yi. Sai an sa shi a manage_users_sortable_columns kafin kan ginshiƙin ya dannu don jerawa.

2. Jerawar kanta a pre_get_users ake yin ta: a duba orderby, a saka meta_key (sunan meta, wato ƙarin bayanin da aka adana wa mai amfani), kar a manta da is_admin() don abin ya tsaya a shafin admin kawai.

3. In ƙimar meta ɗin lambobi ce, a sa orderby ya zama meta_value_num, in ba haka ba 10 za ta riga 2.

4. Inda gizo ke saƙar: duk wanda ba shi da wannan meta ɓacewa yake daga jerin. Nan ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce a ba kowa ƙima tun rajista, ko da 0 ce. Wasu sun fi son meta_query mai NOT EXISTS, wanda ke haɗo har da marasa meta ɗin, duk da nauyinta in jama'a sun yi yawa.