Tabarau biyu nake nema, dubu 25 ce a hannuna: ina zan nufa a Sakkwato?

Telan Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don maganar nan ta hana ni barci kwana uku ke nan.

Ni tela ne, shagona yana Mabera, shekarata 46. Tun bayan ƙaramar Sallah na lura zare ba ya shiga kafar allura sai na miƙar da hannu nesa, wani lokacin sai na fita bakin ƙofa inda haske yake. Yanzu yaron shago nake kira ya zura min. Da magariba in na buɗe ƙaramin Alƙur'anina, wasula sai su cakuɗe da baƙaƙe. Wannan duk na daure.

Abin da na kasa daurewa shi ne na babbar 'yata. Shekararta 13, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Malamarsu ce ta aiko a kira ni, ta ce yarinyar ba ta kwafar rubutu daga allo, sai dai ta leƙa littafin ta kusa da ita, har an taɓa hukunta ta ana zaton satar amsa take yi. Da na tambaye ta a gida sai ta fashe da kuka. Ta ce tun tana aji shida take ganin allo dishi-dishi, ita ta ɗauka kowa ma haka yake gani. Shekara biyu yarinya tana cikin wannan hali a gidana ban sani ba.

Ranar Asabar muka hau kabu-kabu zuwa wani shagon tabarau a cikin gari. Na biya dubu biyu aka auna mu. Nata suka ce dubu 52, nawa dubu 38. Sun ce dole a sa mana mai canza launi a rana, da wanda yake tare hasken waya. Da ƙyar suka ba ni takardar awon. Ga abin da ke jikinta:

Nata, idon dama SPH -2.50, CYL -1.00, AXIS 180. Idon hagu SPH -1.75, CYL -0.50, AXIS 170.
Nawa, SPH 0.00 duka biyun, ADD +1.50.

Dubu 25 ce da ni, ita ma daga kuɗin hayar shago na tsakura. A bakin Tsohuwar Kasuwa akwai masu tallar tabarau a faranti, dubu biyu ma za ka samu. In saya mana can mu biyu? Ko akwai inda talaka zai je a yi masa na ƙwarai ba tare da ya ci bashi ba?

Ma'aikaciyar ɗakin ido:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka wa malamar nan da alheri, ta yi aikinta. Ni na daɗe ina aiki a ɗakin duba ido, bari in warware maka takardar, don matsalarka da ta 'yarka ba iri ɗaya ba ce, kuma kuɗinsu bai kamata ya zo kusa da juna ba.

Naka mai sauƙi ne. Ganinka na nesa lafiya lau yake, shi ne ma'anar SPH 0.00 ɗin, SPH a nan ita ce lambar gyaran ganin nesa. Abin da ya same ka yana samun kusan kowa da ya haura 40: ƙwayar da ke cikin ido tana rage laushi, sai ta kasa tattaro abin da ke kusa. Ba ciwo ba ne, shekaru ne. ADD +1.50, wato ƙarin da ake yi don ganin kusa, a idanu biyu daidai wa daida, ba CYL (zan yi bayaninsa a gaba), to tabarau na karatu da ake sayarwa a shirye zai yi maka aiki. Ka tafi da allura da zare a aljihu, ka sa +1.50 ka gwada a tazarar da kake zama gaban keke. Kada ka ɗauki wanda ya fi ƙarfi don ka ga rubutu ya ƙara girma, zai tilasta maka kusanto da aiki har bakin hanci, ga ciwon kai. Nan da shekara biyu ko uku za ka buƙaci ƙari, yawanci abin yana tsayawa wajen +2.50 ko +3.00 idan an kai shekara 60. Wanda suka yi maka kuɗinsa dubu 38 ina kyautata zaton irin mai hawa-hawa ne, sama na nesa ƙasa na kusa ba tare da layi ba. Yana da kyau ga mai buƙatarsa, amma kai da ganin nesanka ba abin da ya same shi, me za ka yi da shi?

Na yarinya kuwa, don Allah kada ka kusanci faranti da shi. Na faranti masu lamba na karatu ne, wato masu alamar ƙari. Ita mai alamar ragi take buƙata. In ka sa mata na ƙari, allon zai ƙara dushewa ne. Sannan idanunta biyu ba lamba ɗaya ba ce, ga kuma CYL. CYL yana nufin gaban idon bai zama kewayayye sosai ba, ya ɗan fi lanƙwasa ta wani ɓangare, AXIS ɗin shi ke nuna ta wace kusurwa za a gyara. Irin wannan sai an yanka gilashin don ita kaɗai. Akwai ma wata lamba da ban gani ba a abin da ka rubuto, PD, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar idanunta biyu da milimita. In ba a auna ta ba, tsakiyar gilashi ba za ta dace da tsakiyar ido ba, yarinya ta yi ta jin jiri ta ajiye tabarau a jaka.

Inda kuɗin yake tafiya shi ne ƙare-ƙaren. Duk inda ka je, ka ce a rubuta maka kuɗin gilashi daban, kuɗin firem daban, kuɗin kowane shafi da za a yi wa gilashin daban. Ka ce farin gilashin roba kake so, mai lamba ɗaya daga sama har ƙasa, ba mai hawa-hawa ba. Da lambarta ba ta buƙatar siririn nan mai tsada, wannan na masu lamba babba ne, irin -5.00 zuwa sama, su da gefen gilashinsu yake yin kauri. Mai canza launi yana da daɗi a ranar Sakkwato, ban musa ba, amma ba shi zai nuna mata allo ba. Shi kuwa mai tare hasken waya, babban nazarin da aka fitar a 2023, wanda ya tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa, bai ga alamar yana rage gajiyar ido ba. In ka samu rarar kuɗi, gara ka sa a firem mai ƙwari, mai ɗan sifirin, wato ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, a maƙallin hannayensa, don yaro ba ya riƙon abu kamar babba.

Shawarata ka kai ta sashen ido na asibitin gwamnati a sake aunawa, ko Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Idon yaro yana da ƙarfin matse kansa lokacin awo, sai lamba ta fito fiye da yadda take. Shi ya sa ake ɗiga wa yara wani magani da ke kwantar da wannan tsokar kafin a auna. Ranar za ta ga dishi-dishi a kusa, rana za ta dame ta, kada ku tsorata, yana sakinta. Ku yi sammako, kuma ku karɓi takardarku. Kun biya kuɗin awo, takarda taku ce, kuna iya kai ta duk shagon da kuka ga dama.

Tsohon direba, Ƙofar Marke:

Malam Tela, abin da ɗiyar nan tamu ta hwaɗi gaskiya ne, amma ni ina da ƙari guda, kuma da hawaye nika rubuta shi.

Yayana shekara shida shina sayen tabarau na faranti. Duk sanda gani ya rage sai shi koma shi sayo wanda ya fi ƙarfi. Bai taɓa jin ciwo ba ko sau ɗaya. Sai munka lura shina tuntuɓe da buta, shina karo da gefen ƙofa, mutum na tsaye gefenai bai gane shi ba sai ya juyo kai gaba ɗaya. Da munka kai shi asibiti anka auna, likita yac ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar ido ɗaya, ɗayan ma saura kaɗan. Yac ce abin da ya tafi ba shi dawowa, sai dai a tsare wanda ya rage da maganin ɗigawa kullum har ƙarshen rayuwa. Kuma yac ce mu 'yan'uwanai duk mu zo a duba mu, don ciwon shina bin dangi. Cikin mu huɗu da munka je, an samu guda da shi.

Yanar ido ana yin aiki mutum shi koma gani. Wanga kuwa a'a. To ka sayi na faranti in shi ne daidai da lambarka, ba laifi, amma tunda za ka kai ɗiyarka asibiti, ka yanki kati kai ma, ka ce a auna ma ƙarfin ruwan ido a leƙa jijiya. Kuɗɗin kati ba su kai kuɗɗin sanda da ɗan jagora ba. In kana da ciwon suga kuma ka hwaɗa musu, don suga in ya hau shina canza lambar ido, ka yanka gilashi yau, wata mai zuwa ya daina yi ma aiki.

Malama daga Arkilla:

Ni shekarata 19 da tabarau, kuma ban taɓa sayen sabon firem fiye da sau uku ba. Gilashin kawai nake canzawa. Ka tambaya cikin dangi, da wuya a rasa wanda ya ajiye tsohon firem mai kyau a durowa. In bai tsage ba kuma ya zauna mata a hanci ba ya zamewa, sai a yanka gilashi a sa. Amma ka tafi da ita ta gwada, kada ka zaɓo mata. 'Yar shekara 13 in ba ta son abin da ke fuskarta, a bakin ƙofar makaranta za ta cire shi. Kuma ku shirya mata amsar masu cewa tabarau yana ƙara kashe ido. Lambar yara tana ƙaruwa ne saboda ido yana girma tare da jiki, ko an sa tabarau ko ba a sa ba, shi ya sa ake so a sake auna su duk shekara.

In kai ko maman yara kuna cikin inshorar lafiya, ta tarayya wato NHIA ko ta jiha wato SOCHEMA, ka tambayi asibitin da kuka yi rajista abin da ke cikin tsarinku game da ido. A na ma'aikatan tarayya akwai duba ido da tabarau mai sauƙin kuɗi, mutane da yawa ba sa tambaya. Sannan Alhamis ta biyu a watan Oktoba ita ce Ranar Gani ta Duniya, a lokacin asibitoci da ƙungiyoyi sukan yi duba ido kyauta, sai ka kasa kunne a rediyo. Amma kada ka jira ta da yarinya, zangon karatu ba ya jira.

Abu na ƙarshe, ƙurar hunturu ita ce take cinye mana gilashi a garin nan. Ta riƙa ɗauraye shi da ruwa tukuna kafin ta goge, kuma ba da bakin hijabi ba, da ɗan ƙyallensa. Kada a bar shi a rana ko cikin mota a watan Afrilu, zafi yana sa shafin da ke kansa ya tsattsage.

Ɗalibi a Dandima:

Baba, ni ta intanet na yi odar nawa, na tura musu lamba aka aiko min, ya fi sauƙi sosai.

Ma'aikaciyar ɗakin ido:

Ƙanina, kai babba ne, ka san lambarka da PD ɗinka, in ya zo bai yi ba za ka gane. Wannan tabaranta na farko ne, ga CYL a ciki. In aka karkatar da AXIS ko firem ya yi mata faɗi, wa zai gyara? Gara shagon da Malam zai iya komawa da ƙafarsa.

Telan Mabera:

Jama'a na dawo da bayani, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ranar Talata bayan sallar asuba muka tafi ɗaya daga cikin asibitocin da kuka ambata. Mun samu layi, sai wajen azahar muka fito. An ɗiga mata maganin, aka jira, aka auna. Idon dama ya sauko zuwa -2.25, sauran kusan yadda yake, kuma an rubuta PD 58. Baba na Ƙofar Marke, na yanki katin kamar yadda ka ce. An auna ƙarfin ruwan idona an leƙa jijiya, sun ce lafiya, in dawo bayan shekara ɗaya ko biyu. Allah ya ba yayanka sauƙi, na sa shi a addu'a.

Da takardar na shiga shago uku ina tambayar farin gilashi kawai. Na farko ya ce dubu 20, na biyu 16, na uku 13 har da sawa. Firem ɗin ƙanwar mamanta muka ɗauko, amma ya yi mata girma, yana saukowa kan hanci, sai na saya mata na roba ruwan ƙasa dubu biyar, ita ta zaɓa. Nawa +1.50 na saya dubu biyu, na gwada da allura a gaban mai farantin, zare ya shige a karo na farko. Da kati da kuɗin kabu-kabu, dubu 24 da ɗari uku suka tafi.

Jiya da la'asar muka karɓo nata. Da ta sa sai ta ce ƙasa kamar tana ɗan tasowa, mai shagon ya ce kwana biyu zuwa mako zai bi jikinta, in bai daina ba mu dawo. A hanya tana bayana a kan babur ta yi shiru, sai na ji tana karanta allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya a hankali. Da muka iso ƙofar gida ta tsaya ta ɗaga kai tana kallon dogonyaron da ke nan tun kafin a haife ta, ta ce, “Baba, ashe daga nan ƙasa ana ganin ganyen ɗaiɗai?”

Ƙannenta biyu ma zan kai su a auna in an shiga sabon wata.