Na zuba kuɗin adashin shekara 2 a sola, amma firiza ta ƙi yin ƙanƙara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar sola ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni barci.

Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a gida, nan Zariya. Shekara 2 cur ina zubin adashi, har tunkiyata na sayar na cika kuɗin, don in huta da rashin wuta. Aka haɗa min farantan sola 2 masu wat 300 kowanne, da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin wutar gida), da batir ɗaya mai 200Ah (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka ke nan). Ranar da aka kunna har kukan murna na yi.

Da rana firizar tana aiki lafiya lau. Amma ana idar da sallar isha'i sai inbatar ta fara ƙara, ta ɗauke. Kafin asuba duk abin da ya fara daskarewa ya koma ruwa.

Wanda ya haɗa ya ce ƙurar hunturu ce. Kullum ina sa yara su goge farantan, babu canji. Yanzu kuma wai sai na ƙara batir. Da wane kuɗin? Wani ɗan maƙwabtanmu ya ce irin wannan batirin rabin cajinsa kawai ake so a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Wallahi da an faɗa min tun farko, da ban saya ba.

Ta yaya zan gane ko batirin sabo ne, ko tsoho aka wanke aka sayar min? Rasit ma ba a ba ni ba. Sannan wanne ya fi: in sake zubi in ƙara batir, ko in sayar da inbatar in nemi firiza mai aiki da sola kai tsaye?