Ɗana ya ratsa gonar Bature da ƙafa, ba zai jawo wa kansa fitina ba?

Baban Sadiƙu, Jekadafari:
Salamu alaikum jama'a. Yarona yana karatu a Shefil, can Ingila. Jiya bayan la'asar ya turo mana bidiyo, na kalla sau uku, har yanzu hankalina bai kwanta ba. Wai sun hau jirgin ƙasa zuwa wani ƙauye, Hathersage, sun sauka sun kama tafiya da ƙafa. Ina kallo ya taka wasu duwatsu ya tsallake katangar mutane, ya faɗa cikin fili cike da tumaki, yana tafe yana dariya kamar gonar kakansa ce. Ni manomi ne, ina da gona a hanyar Dadin Kowa, kuma na san abin da zan ji in na tarar da baƙo a tsakiyar masarata. Uwarsa ta ce in kira shi in yi masa faɗa. Kafin nan, waɗanda suka san ƙasar, wannan ba laifi ba ne a wurinsu?

Malamin lissafi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Baba, ka kwantar da hankalinka, bai yi laifi ba. Na yi shekara biyu a garin, kuma wannan hanyar na bi ta ya fi sau biyar, daga Hathersage ka bi gefen kogin Derwent har Grindleford.

Su doka ce ta ba kowa ikon wucewa ta wasu hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki. Gonar ta mai ita ce, hanyar kuwa ta jama'a ce, kuma tana cikin taswirar hukuma. A Ingila da Wales irin waɗannan hanyoyi sun kai mil 140,000. Duwatsun da ka ga ya taka, da gangan aka dasa su a jikin katangar don mutum ya haye, tunkiya kuma ta kasa. Za ka ga 'yar kibiya ruwan ɗorawa a jikin gungume, ita ce alamar hanyar masu ƙafa. Shuɗiya kuma har da masu doki da keke. In manomi ya yi huɗa ya shafe hanyar da ta ratsa tsakiyar gona, kwana 14 gare shi ya fito da ita.

Abin da ban manta ba shi ne kurmin Padley, kusa da tashar Grindleford. Tsofaffin itatuwa duk sun murɗe, gansakuka ta lulluɓe duwatsu kore shar, ga ƙorama tana zuba. Na sa hannu a ruwan, sanyinsa har ƙashi, amma a nan na yi alwala na yi azahar a kan wani falalen dutse. Wata tsohuwa da karenta ta tsaya daga nesa har na sallame, sannan ta wuce ta gaishe ni.

Wannan ikon wucewa ba a banza suka samu ba. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchesta, suka hau tudun Kinder Scout da masu ƙasa suka killace don farautar tsuntsaye. Aka yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Sai a 1949 aka yi dokar da ta sa hukumomi su rubuta hanyoyin nan a taswira. Tudun ba shi da nisa da inda yaronka ya je.

Maman Ummi, Pantami:
Alhaji, abu ɗaya za ka ja masa kunne: shanu. Ƙanwata tana aikin jinya a can, ta ce saniya mai ɗan maraƙi ba ta wasa, musamman in da kare a tafiyar. Kada ya shiga tsakanin uwa da ɗanta. Ƙyauren da ya tarar a rufe ya mayar a rufe. Kuma ya nemi takalmin kirki, taɓonsu ba irin namu ba ne, kusan duk shekara yana nan.

Dattijo daga Dukku:
Ni da nake karanta bayanin Malam, burtali ne ya faɗo mini a rai. Muna yara akwai shi bayan gonar mahaifinmu, mai faɗi, an dasa cediya da aduwa a gefe don kowa ya san iyaka. Fulani su wuce da garkensu zuwa mashaya, ba wanda ya ɗaga wa wani murya. Bara na je, gero ne tun daga wannan gefe har wancan. Kowa ya ci taku biyu, ya ci taku biyu, har hanyar ta mutu, ga shi yanzu duk kaka sai an yi shari'ar ɓarna. Mu ma muna da abin nan, Alhaji. A cikin kan dattawa yake, dattawan kuma sun tafi da shi.

Baban Sadiƙu, Jekadafari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwarsa duka, ta ce to ya dai kiyayi shanun. Baba na Dukku, maganarka ta taɓa ni, don akwai 'yar hanya a gefen gonata da matan ƙauye ke bi zuwa rafi, kuma bana na so in toshe ta da ƙaya. Malam, in mai gona ya sa waya ya rufe hanyar fa, wa ake kai wa ƙara?