Na haƙura da sa wa Starlet ɗina tobo: wace ƙaramar mota kuka riƙe?

Baban Khalifa, Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ke nan ina fama da Starlet ɗina, ƙirar 1994, mai injin 4E-FE, lita 1.3. Burina ta zama kamar GT Turbo da Toyota ta yi wa kasuwar Japan, wadda injinta 4E-FTE ke ba da ƙarfin doki sama da 130 a jikin motar da ba ta kai tan ɗaya ba. Jiya na kwance kayan tobon, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, da hannuna na zuba su a kwali.

Tun farko ni na yi kuskure. Maimakon in nemi injin tobo sukutum, sai na sayi tobon kaɗai na ce a ɗaura a wanda ke jikinta. Injin da ba a ƙera shi don tobo ba matsinsa yana da yawa, to da ka cusa masa ƙarin iska sai mai ya riƙa kamawa kafin lokacinsa. In na taka totur sai in ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Gasket ta kan inji ta ƙone sau biyu, na biyun a hanyar Zariya, dab da Kwanar Ɗangora, da rana tsaka, iyali na ciki, lagireto na tafasa. Daga nan aka ce sai an sa manyan nozul masu fesa mai, sai abin sanyaya iska, sai a sake ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, kuma wanda zai saita ta yadda ya kamata ban same shi kusa ba. Wata tara tana gireji, ni kuwa kullum ina biyan Adaidaita Sahu ya kai yara makaranta.

Abin da ya karya min gwiwa shi ne daren da jikin Hajiyarmu ya tashi. Ƙarfe biyu na dare ina buga ƙofar maƙwabci ya ara min mota, alhali ina da tawa. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ina so in ji daga wanda ya taɓa shiga irin wannan ya fita. Kuma cikin ƙananan motocin da kuka riƙe, wacce ce ta fi ba ku kwanciyar hankali?

Ɗan Kawo, Kaduna:

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Yaya, ciwonmu ɗaya. Tawa Golf 3 ce mai injin 1.8, na so in sauke shi in ɗora VR6, mai silinda shida, lita 2.8. Har na sayi injin na ajiye a shagon wani abokina, ina tara kuɗin giyabos da wayoyi, sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Na zauna na yi lissafin abin da silinda shida za su sha daga Kawo zuwa Kakuri kullum, na sayar da injin da asara.

Golf ɗin tana nan. A kan babbar hanya ta fi Civic ɗin da na riƙe kafin ta zama daram, kuma kayanta ko'ina a Panteka. Civic ta fi ta sauƙin mai da saurin tashi, amma ƙasa gare ta, duk wani tudun rage gudu sai ta goga ciki.

Mai gireji, Zariya:

Alhaji, ka yi daidai da ka tsaya. Na fi shekara ashirin ina wannan sana'a, kuma motocin da aka kawo min bayan an yi musu irin wannan aiki, yawancinsu abu ɗaya ne ya kashe su: iska ta ƙaru, mai bai ƙaru daidai da ita ba, zafi ya yi yawa, fistin ya narke. Ga zafin garinmu a watan Afrilu, ga man da wani lokaci ba ka san me aka gauraya masa ba. Tobo kuma bakin mai yake sha ya rayu. In ka kashe mota nan take bayan doguwar tafiya, ko ka bar bakin mai ya wuce lokacinsa, ba zai yi ƙarko ba.

Wani abu da ke damuna, mu kanmu masu gyara muna da laifi. Mota ta zo da zafi, maimakon a wanke lagireto a duba famfon ruwa, sai a cire tamostat mai daidaita zafin inji a haɗa fanka kai tsaye, a ce an gyara. Injin da ake yi wa haka ba shi ne za a ƙara wa ƙarfi ba.

Ni Micra nake hawa, K11, mai injin 1.0. Sarƙa gare ta a cikin inji a maimakon bel ɗin taimin, ba na kwana da fargabar tsinkewa. Mutanen Ibadan da suka mayar da ita tasi sun san abin da suka gani. Ba ta da gudu, in mutum biyar suka shiga ka ji ta a hawa, amma tun da na saye ta ban taɓa buɗe kan injinta ba.

Maman Hanan, Jos:

Ni ban taɓa ƙara wa mota komai ba, amma na riƙe biyu. Peugeot 206 ta fi kowace daɗin tuƙi, a hawan Jos ba ta jin komai, sitiyarinta kamar ta san inda za ka. Wani mai aikin wutar mota ne ya yanke mata wayoyi garin sa rediyo, tun daga ranar fitilu suka riƙa kunna kansu, har na gaji na sayar. Yanzu Yaris nake da ita, wadda ta gaji Starlet a 1999. Ba ta kai 206 daɗi ba, gaskiya, amma shekara huɗu ban san komai ba sai bakin mai, birki da taya.

Ɗan Maraɗi:

Baban Khalifa, kada ka sayar da ita dai. A Yamai mun ga abin da Starlet ta yi a aikin tasi, shekara da shekaru cikin rairayi da zafi. Mayar mata da injinta na asali, za ta kai Khalifa jami'a in sha Allah.

Autan Hajiya, Abuja:

Ku yi haƙuri manya, ni ban yarda aikin ne ba ya yiwuwa ba. Muna zuwa kallon wasan mota, muna ganin waɗanda suka yi ya zauna. Bambancin shi ne suna sayen injin da wayoyinsa da ƙwaƙwalwarsa da giyabos daga mota ɗaya, kuma ba da ita suke kai yara makaranta ba. Yaya, motar gida ka taɓa, nan matsalar take. Kada ka rabu da kwalin nan.

Baban Khalifa, Kano:

Na gode ƙwarai, Hajiya ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Auta, maganarka gaskiya ce, kuma son abin bai fita daga raina ba. Amma mota ɗaya gare ni, ba ni da halin ta biyu yanzu. Na samu injin 4E-FE ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa, an tayar da shi a gabana, ba hayaƙi. Ranar Asabar za a ɗora. Malam mai gireji, na ce a mayar da tamostat ɗin, sai dai tsohon lagireton ya sha zafi sau biyu. A wanke shi ya isa, ko in sayi wani?