Wai kurciyoyi amanar juna suke riƙewa, ko kowa ta kansa yake yi?

Mai-Kallo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Abin nan ya tsaya mini a rai tun jiya. Wata uku ke nan kullum da sassafe ina zama ina kallon wani gungun kurciyoyi da ke sauka kiwo a wani fili. In guda ce ita kaɗai, ta tsinci ƙwaya ɗaya biyu sai ta ɗaga kai, ta karkata wuya ta dubi sama da ido ɗaya, da ƙyar take samun abin kirki. In sun kai ashirin kuwa, na tsakiya sai su duƙufa, na gefe ne ke ta ɗaga kai. Shekaranjiya shaho ya kawo sura, ta gefe ta buga fiffike, kafin ƙiftawar ido fili ya zama wayam, ya tashi a tutar babu. Na ce wa wani abokina tsuntsayen nan suna riƙe amanar juna, tsoron guda yana ratsa kowa. Sai ya yi mini dariya a gaban mutane, wai ba ni da aikin yi. Wallahi ya yi mini ciwo. Ku gaya mini, ƙarya na yi?

Ɗan Bayoloji: Wa alaikumus salam Yaya. Abin da ka gani gaskiya ne, kalmar "amana" ce ban yarda da ita ba. Tun 1971 wani masani ɗan Ingila, Hamilton, ya bayyana cewa kowace dabba tana kutsawa tsakiyar garke ne don in an zo ɗauka a ɗauki waninta. Ta gefen nan ba gadi take yi ba. Ita ta fi kusa da farcen shaho, shi ya sa kanta ba ya zama a ƙasa. Son kai ne zalla.

Uwar Biyu: Son kai? Haba ƙanena! Wadda ta tashi ta tsirar da 'yan'uwanta goma sha tara ita za ka kira mai son kai? To mai amana kuma wace iri ce?

Ɗan Bayoloji: Aunty, ranta ta tsere da shi. Sauran ƙarar fiffikenta suka ji suka bi. Ba ta yi niyyar taimakon kowa ba.

Uwar Biyu: Ka shiga zuciyarta ne da ka san niyyarta?

Dattijo: Kafin ku yi nisa. Yaro, ka tabbata shaho ne? Mutane da yawa duk abin da ya yi shawagi sai su ce shaho. Shirwa wutsiyarta a tsage take, kuma tana daɗewa tana kewaya sama. Shaho ba ya ba ka wannan lokacin.

Mai-Kallo: Baba, da girmanka, na san shaho na san shirwa. Ƙasa-ƙasa ya ɓullo ta bayan bishiya kamar an harbo kibiya.

Dattijo: Ka ga wutsiyar?

Mai-Kallo: Abin da ya wuce cikin daƙiƙa biyu?

Dattijo: To ka ji. Ba ka gani ba ke nan.

Na-Gefe: Kullum Baba sai ya ƙaryata mutum. Rannan ma haka ya yi wa Aunty a kan maganar balbela. Ni dai ina bayan Yaya Mai-Kallo.

Malama Kimiyya: Don Allah mu koma kan tambayar, wato ko tsoro yana yaɗuwa. A 1978 wani masani mai suna Kenward ya riƙa sakin horarren shaho a kan tantabarun daji a Ingila. In tantabara ita kaɗai ce, galibi yakan kama ta. In gungun ya haura hamsin, da wuya ya dace, domin tun daga nesa ake hango shi. Amma yaɗuwar tsoron ba kai tsaye ba ce kamar yadda muke zato. A 1995 wani masanin kuma, Steven Lima, ya gangaro da ƙwallo a madadin maƙiyi zuwa ga gungun tsuntsaye masu kiwo, ta yadda tsuntsu guda kaɗai zai gan ta. Tsuntsun da ya gan ta ya tsere, amma waɗanda kansu ke ƙasa sau da yawa ba su bi shi nan take ba. Ai tsuntsu yakan tashi don ya ƙoshi ma, saboda haka sauran sai sun auna: tashin tsoro ne wannan ko na gama cin abinci?

Uwar Biyu: Malama, ke dai faɗa mana, amana ce ko son kai?

Ɗan Bayoloji: Tunda amana ake so, ga labarin baƙin tsuntsun nan mai tsagaggiyar wutsiya, dorongo, a hamadar Kalahari. Yakan yi kukan gargaɗi na gaskiya in ya hango maƙiyi, sauran dabbobi su saba da yarda da shi. Ran da ya ga wani ya tono ƙwaro mai maiƙo, sai ya yi kukan ƙarya, mai abu ya yar ya gudu, shi ya sauko ya ɗauke. Har kukan gargaɗin wasu tsuntsaye yake kwaikwayo don kada a gane shi. Ina amanar?

Uwar Biyu: Ka kawo mana hujja da kanka! In babu amana, me ya ci? Ba a cin amanar da ba a ba ka ba.

Na-Gefe: Aunty ta gama magana.

Ɗan Bayoloji: Wasa da kalmomi ne wannan. Kuma ku daina taruwa a kaina don na fi ku ƙarancin shekaru.

Malama Kimiyya: Akwai binciken 1999 a Amurka kan agwagin ruwa da aka jera suna barci. Na bakin layi suna rufe ido ɗaya, rabin ƙwaƙwalwa na barci, ɗayan idon a buɗe yana kallon waje. Na tsakiya sun fi rufe duka biyun.

Uwar Biyu: Allahu Akbar. Ga gadi nan ƙiri-ƙiri, ta hana idonta barci don wasu su huta.

Ɗan Bayoloji: Don kada a cinye ta dai.

Dattijo: Har yanzu ba a amsa mini maganar wutsiya ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Ɗan'uwa Mai-Kallo ya faɗi abin da idonsa ya gani, kuma binciken da Malama ta kawo ya gaskata shi: tsuntsaye suna tsaron juna, na gefe suna kwana da ido ɗaya saboda na tsakiya. Ƙaninmu Ɗan Bayoloji ya tsaya a kan kalmar son kai, amma misalinsa guda ne, na tsuntsu mayaudari, kuma Aunty ta ba shi amsa. Mafi yawanmu muna kan amana. Abokin da ya yi dariyar nan ya kamata ya nemi afuwa. Maganar shaho da shirwa, Baba da Mai-Kallo su ƙarasa ta tsakaninsu. Na rufe.

Malama Kimiyya: Shugaba, ban ce saboda na tsakiya suke yi ba. Kuma maganar ƙwallon Lima ba wanda ya taɓa ta.