Neman shawara: mun rasa katin mahaifin maƙwabciyata a takardun sansanin Bonegilla

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina zaune a Melbon. Wata dattijuwa maƙwabciyata ta roƙe ni in taya ta neman takardun mahaifinta. Ɗan Yukren ne, ya shigo Ostareliya daga Jamus a 1949, an sauke shi a sansanin karɓar baƙi na Bonegilla. Mun rubuta sunansa a RecordSearch, shafin bincike na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasar Ostareliya, ko alama babu. Ta ina za mu ɓullo wa abin?

Amsa ta farko: Wa alaikumussalam Hajiya. Sunan ne ke ba ku wahala. Magatakardan da ya cike takardar a Jamus da kunnensa ya rubuta, na Ostareliya kuma ya kwafa yadda ya gani. Suna ɗaya sai ya fito Shevchuk, ko Szewczuk irin rubutun Folan, ko Schewtschuk irin na Jamus. Ku gwada duka ukun, ku musanya W da V, sannan ku rubuta farkon sunan kawai ku sa alamar tauraro a ƙarshe. Kada ku sa shekarar haihuwa tukuna. Katunan Bonegilla na shekarun farko suna cikin jerin A2571. Katin ƙarami ne, amma yana ɗauke da ƙasar mutum, jirgin ruwan da ya kawo shi, ranar shigarsa sansani, ranar fita da inda aka tura shi aiki, galibi har da hoto.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan na malam, kada ku kafe a kan cewa ɗan Yukren ne. Bayan yarjejeniyar Yalta ta 1945 an riƙa mayar da 'yan Tarayyar Sobiyet gida ko suna so ko ba sa so. Don haka da yawa suka ce su 'yan Folan ne, suka sauya garin haihuwa zuwa yankin da ke hannun Folan kafin 1939. Wasu kuma sun rage shekaru, saboda majiya ƙarfi Ostareliya ke nema, masu sa hannu a kan aikin shekara biyu duk inda gwamnati ta tura su. In kun ga katin da suna ya yi kusa amma ƙasa da shekara sun saɓa, kada ku yar da shi. Hoton za ku nuna wa dattijuwar.

Kuma ni da zan fara, daga Jamus zan fara. Ma'ajiyar Arolsen, a garin Bad Arolsen, ita ke riƙe da fayilolin CM/1, wato takardar neman tallafin hukumar 'yan gudun hijira ta IRO. A ciki mutum ke lissafa inda ya zauna da aikin da ya yi shekara bayan shekara, da harsunan da yake ji, da iyalinsa. Suna kuma da jerin fasinjojin jiragen da suka tashi daga Bremerhaven da Napoli. Bincike a shafinsu kyauta ne, aika tambaya ma kyauta, sai dai amsa takan ɗauki watanni.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To in mun samu sunan jirgin, sai me?

Amsa ta uku: Shi ne makullin, Hajiya. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ostareliya, takardun tantance 'yan gudun hijirar jirgi-jirgi aka jera su, kowane zuwa da lambar jerinsa. Misali A11772 na jirgin farko ne, General Stuart Heintzelman, wanda ya iso tashar Fremantle da ke yammacin Ostareliya a Nuwamban 1947. A nan za ku samu takardar ganawa da jami'in tantancewa da ta gwajin likita. In fayil ya nuna ba a duba shi ba tukuna, ba rufe shi aka yi ba, buƙatar buɗewa za ku cike. Kwafin da ba a ɗora a intanet ba kuwa sai an biya.

Abu ɗaya da ke yawan ɓatar da mutane: ba kowa aka kai Bonegilla ba. Wanda ya sauka a Sidni yawanci sansanin Bathurst ko na Greta aka kai shi, na Fremantle kuma sansanin Northam. Ku tambayi dattijuwar ko ta tabbata, ko kuwa sunan da ya fi shahara ne ya zauna a bakin iyali. In da takardar zama ɗan ƙasa a gida, ku duba ta, don fayil ɗin neman ta yakan faɗi jirgi da ranar isowa.